Makahon kare ma yana gadin garka

Ƴan'uwa manoma, sau da yawa in ƙaramin kare ya makance, ko tsufa ya sa masa yana a ido, ko ƙaya ta tsokane shi, sai a kai shi daji a yar. Wannan asara ce, domin da hanci da kunne yake jin ɓarawon garka tun daga nesa.

Da murya ake horonsa. A zaɓi kalmomi kaɗan, "zo", "tsaya", "kwanta", kowa a gidan ya riƙa faɗinsu iri ɗaya. In ya bi, a ba shi lomar tuwo nan take. Bugu tsoro kawai yake ƙara masa. "Tsaya" ce gaba da sauran, ita za ta tsare shi daga faɗawa rijiya. Kada a gusar da kaskon ruwansa, don ya haddace wurin.

Yara su yi masa magana kafin su taɓa shi, firgita kan sa shi cizo. A kai shi ma'aikatar kiwo don rigakafin haukan kare. In ya ciji mutum, a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya gidan likita a ranar.