Kiredit biyar ba shi ne ma'aunin makaranta ba

Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai ka ga makarantun kuɗi sun kafa alluna a bakin titi: ɗalibanmu kaf sun ci kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Iyaye kuwa sai tururuwa.

Sai dai wannan adadi ya fi nuna irin yaran da makaranta ta ɗiba, bai cika nuna abin da ta koya musu ba. Makarantar da ke tace yara tun a ƙofa, ta ɗauki waɗanda ke da malamin lesin a gida, ko malamanta sun yi sakaci za ta fita kunya. Wadda ta karɓi yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba, ta kai shi har yana rubuta wasiƙa, ita ta fi yin aiki, amma ba mai yi mata kirari. Ai ba a gwada manomin fadama da na jigawa da yawan buhuna.

Shi ya sa Ingila ta sauya awo a 2016 da tsarin Progress 8. Ana ɗaukar makin yaro na ƙarshen firamare, yana ɗan shekara 11, a ajiye. Idan ya yi jarabawar GCSE yana ɗan 16, sai a kwatanta shi da sauran yaran ƙasar da suka taso da maki irin nasa. Tazarar da ya ba su, ko suka ba shi, ita ake rubuta wa makarantarsa.

Duk da haka, kowane irin awo na lalacewa muddin aka ɗaura masa abincin malami. A Amurka, wata doka ta 2002 ta sa makomar makarantu ta rataya a kan maki. A birnin Atlanta, wani bincike da aka yi a 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗi, wasu har goge amsar yara suke yi su gyara. A 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Mu da muka san cibiyoyin satar amsa, wannan ba baƙon labari ba ne.

Don haka, ya kai uba, kafin ka biya kuɗin zango, tambayi hedimasta yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa aka sallama kafin jarabawa. Sannan ka ɗauko littafin ɗanka na bara, ka aje kusa da na bana, ka duba da idonka.