Kalmar "Obstinate" da Takwarorinta na Hausa a Ƙasar Wasagu

Malamin makaranta a Wasagu, ɗaya daga cikin yankuna 5 na masarautar Zuru a Jihar Kebbi, yakan yi fama da harsuna uku: harshen gidan ɗalibi, kamar Dakarci, da Hausar kasuwa, da Ingilishin littafi. Idan ya ci karo da kalmar "obstinate", abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne "taurin kai". Wannan fassara daidai ce, sai dai ta bar wani abu a baya.

Ingilishi ya ari kalmar ne daga Latin a ƙarni na 14. Asalinta "obstinatus", tushenta kuwa yana komawa ga aikatau "stare", watau tsayawa, tare da ɗafa-goshi "ob-" mai ma'anar "gaba da". Ke nan mutum ne da ya tsaya ya ƙi gusawa. 'Yar'uwarta "stubborn" kuwa, wasu masana suna danganta ta da "stub", watau kututture, wanda kowane manomi ya san wuyar tuge shi.

Ita Hausa daga jikin mutum ta fi ɗauko nata kamancen. Taurin kai ya haɗa babba da yaro, amma kunnen ƙashi galibi na yaro ne, irin wanda ake yi wa karin maganar nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kangararre ya wuce nan, domin shi ya riga ya gagari masu tsawata masa. Wadda ta fi kusa da ma'anar Latin ita ce kafiya, daga aikatau "kafe", kamar a ce wane ya kafe a kan maganarsa.

Abin lura shi ne, tsayawar da ta zama aibi a Ingilishi, yabo ta haifar a Hausa. Tsayayyen mutum abin dogara ne. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi yakan yi wa surukansa noma har shekara 7 kafin a ba shi mata, kuma wanda ya kai ƙarshe mai juriya ake ce masa. Saboda haka zaɓin kalma ba ƙaramin abu ba ne ga malami mai fassara takardar sakamako: uban da aka ce wa ɗansa tsayayye ne zai yi murna, wanda aka ce wa kunnen ƙashi ke gare shi kuwa, bulala zai nema.