Dalilin da ya sa ake ganin &amp; da &#39; a tsakiyar rubutu a intanet

Duk mai karanta Hausa a waya ya taɓa cin karo da kalma irin “jama&#39;a” ko “ma&#39;aikata” a kanun labari ko a saƙon da wani ofis ya aiko masa. Ɗan kasuwa ma yakan ga sunan kamfaninsa a rasiti ya koma “&amp; Sons” alhali “& Sons” ya rubuta. Wasu kan ɗauka wayarsu ce ta samu matsala, wasu kuma su ɗora laifin a kan mai buga rubutun. Akasari laifin yana ga manhajar da ta shirya shafin, domin waɗannan haruffa kayan aikin na’ura ne da ya kamata su tsaya a bayan fage, sai kuskure ya fito da su fili.

Ana gina shafukan intanet da wani tsarin rubutu mai suna HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva a wajajen 1990. A wannan tsari, maganar da ake so mutum ya karanta da umarnin da ake ba na’ura suna tafiya ne cakuɗe a layi ɗaya. Idan ana so kalmar Kano ta fito da kauri, sai a rubuta <b>Kano</b>. Da manhajar buɗe shafi ta ga alamar <, ta san umarni ne ya fara, da ta ga > kuma ta san ya ƙare.

To, yaya za a yi idan marubuci yana nufin alamar ce kanta, kamar mai shago da ke son rubuta “farashi < 5,000”? Mafitar da aka samo ita ce a naɗa wa alamar wakili, wato wasu haruffa da za su tsaya a madadinta a cikin fayil, idan an zo nuna wa mai karatu kuma a mayar da ita yadda take. Wakilin < shi ne &lt;, na > kuwa &gt;. Kowane wakili yana farawa da & ya ƙare da waƙafi mai ɗigo. Wannan ya sa ita ma & ta zama alamar umarni, don haka dole aka naɗa mata nata wakilin, wato &amp;. Sunan kamfanin Procter & Gamble, alal misali, a cikin fayil yana zaune ne a matsayin Procter &amp; Gamble, kuma in komai ya tafi daidai mai karatu ba zai taɓa ganin haka ba.

HTML na yanzu yana da irin waɗannan sunaye fiye da 2,000. Ɗan’uwansa XML, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa’idojin intanet ta fitar a watan Fabrairun 1998, biyar kacal ya zo da su: uku da aka ambata, sai &quot; na alamar zance, da &apos; na ɗan waƙafin sama.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu. A Hausa waƙafin sama harafi ne mai zaman kansa, shi ke cikin sa’a da ma’ana da ’ya’ya da ’yan kasuwa, shi ke cikin sunaye irin su Sa’idu da Asma’u da Isma’ila. Matsalar ita ce masu shirya shafuka suna amfani da wannan alama, kamar yadda suke amfani da alamar zance, wajen killace bayanai a cikin umarni, saboda haka manhajoji da yawa suke musanya ta da wakili don gudun ruɗani. Tsohon tsarin HTML 4 bai san &apos; ba, sai aka saba rubuta ta da lamba. Kowane harafi yana da lambarsa a kundin Unicode, ta waƙafin sama da ke kan madannai kuwa ita ce 39. Daga nan &#39; ta samo asali.

Haka ma ana iya rubuta ƙ a matsayin &#409;, ɗ a matsayin &#599;, ɓ a matsayin &#595;, alamar Naira kuma &#8358;. Amma shafin da aka ajiye da tsarin UTF-8, wanda a yau shi ne mafi rinjaye a intanet, ba ya bukatar hakan, yana ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa kai-tsaye. Akwatuna da alamomin tambaya da ke fitowa a gurbin ƙ da ɗ wata matsala ce daban.

Abin da ke fito da wakilan fili, mafi yawan lokuta, shi ne naɗa wakili sau biyu. Manhajar farko ta karɓi “jama’a” ta mayar da shi “jama&#39;a” tun kafin ta ajiye. Da aka zo fitar da shafi, manhaja ta biyu ta ga & a cikin kalmar, ba ta san an riga an yi aikin ba, sai ta mayar da shi “jama&amp;#39;a”. Waya kuma mataki ɗaya kawai take warwarewa, sai ta bar mai karatu da “jama&#39;a”. In rubutun ya bi ta hannu uku, sai a ga &amp;amp; ta yi jerin gwano. Shi ya sa ƙa’idar da ƙwararru ke bi take da sauƙin faɗi: a ajiye rubutu yadda mai shi ya rubuta, a naɗa wakilai sau ɗaya tak, a daidai lokacin da ake zuba bayanan cikin HTML ko XML. Wanda ke yin musanyar da hannu kuma dole ya fara da &, in ba haka ba zai dawo ya ɓata wakilan da ya riga ya rubuta.

Rashin naɗa wakilin gaba ɗaya ya fi wannan muni. HTML yana da haƙuri, yakan yi ƙoƙarin fahimtar abin da ake nufi ya wuce. XML ba shi da wannan sassauci: ƙa’idarsa ta ce duk manhajar da ta ci karo da & ko < a inda bai dace ba, ta daina karanta fayil ɗin yadda ta saba, ta sanar da kuskure. Na taɓa gani da idona a wani ɗakin labarai da na yi aiki, inda & guda ɗaya a kanun labarin kasuwanci ta tsayar da dukan jerin labaran da ake aika wa manhajar waya, aka shafe safiya ana neman inda ɓarakar take.

Ma’aikaci ko ɗan kasuwa na iya cewa wannan matsalar ’yan jarida ce, amma XML yana kusa da shi fiye da yadda yake zato. Tun daga Office 2007, takardun Word da Excel masu ƙarewa da docx da xlsx tarin fayilolin XML ne da aka dunƙule wuri ɗaya. Saƙonnin biyan kuɗi na tsarin ISO 20022, wanda bankunan da ke kan SWIFT suka fara komawa kansa a watan Maris na 2023 don hada-hadar ƙasa da ƙasa, su ma da XML ake rubuta su. Fayil ɗin albashi ko na biyan ’yan kwangila da wata manhaja ta haɗa da sakaci na iya dawowa saboda sunan kamfani ɗaya mai ɗauke da &.

Akwai kuma batun tsaro. Shafin da ke karɓar rubutun mutane ya nuna shi ba tare da naɗa wa < wakili ba, ya buɗe ƙofa ga duk mai son cusa umarni a madadin magana. A watan Yunin 2014 an gano irin wannan ɓaraka a TweetDeck, manhajar da a lokacin ake amfani da ita wajen bibiyar Twitter, inda wani saƙo mai ɗauke da umarni ya riƙa yaɗa kansa daga asusun duk wanda ya gan shi, har sai da aka rufe manhajar na ɗan lokaci aka gyara.

Wasu masu shirya fom na intanet, don su huta, sai su hana shigar da waƙafin sama kwata-kwata, ko su goge shi a ɓoye. A ganina wannan lalaci ne. Sa’idu ya koma Saidu a takarda ɗaya, ya zauna Sa’idu a wata, ranar tantance ma’aikata ko buɗe asusu kuma shi za a ce ya je ya kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Mai cike fom ya rubuta sunansa da na kamfaninsa yadda suke a takardun rajista, kada ya buga &amp; da hannunsa da nufin taimaka wa na’ura, domin hakan ne ke haifar da wakili sau biyu. Idan kuma rasiti ko takardar shaida ta fito da &#39; a tsakiyar suna, ya ɗauki hotonta ya nemi a gyara tun daga rumbun ajiyar bayanai, saboda sunan da aka ajiye da wakili a cikinsa ba lalle ba ne ya fito idan aka neme shi da rubutunsa na asali.