Baƙaƙe Masu Ƙugiya da Sauyin Kwamfuta

A shagunan buga takardu na Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, akan ga rubutun Hausa ya dagule in an ɗauke shi daga kwamfuta mai Windows zuwa mai Linux ko macOS. Dalili kuwa, a da akan ɗora ɓ, ɗ, ƙ a gurbin waɗansu alamomi cikin wani zubin baƙaƙe na musamman. In sabuwar na'ura ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta fito. Mai gyara kuwa in ya yi sakaci, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma Bata.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257. Saboda haka mai zaɓen manhajar rubutu ya duba abu biyu, watau ko tana bin Unicode, ko kuma tana buɗe takardun docx da odt. Ana ɗora Microsoft Word a Windows da macOS, ban da Linux. LibreOffice kuwa tana aiki a duka ukun. Tsohon rubutu, lalle ne a mayar da baƙaƙensa Unicode tun kafin ƙaura.