Karen Da Ke Yi Wa Makaho Jagora

A ƙasar Hausa, in makaho zai fita, yaro ne ya kan riƙe masa sanda ya shige gaba. A waɗansu ƙasashe kuwa kare a kan hora ya yi wannan aiki. A Jamus aka fara buɗe makarantar horon irin waɗannan karnuka, a garin Oldenburg, cikin 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta buɗe tata a 1929, Ingila kuma ta soma a 1931.

Abu na fari da a ke koya wa karen shi ne tafiya da igiya a wuya cikin natsuwa. Dalili kuwa, karen da ya saba fizgar igiya in ya hangi kyanwa, wata rana sai ya ka da makaho cikin rami, ko ya ja shi gaban mota.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Saboda haka tun kwikwiyo yana da mako bakwai ko takwas a kan ba da shi ga wani gida su yi renonsa. Da fari sai a ɗaura masa wata 'yar fata a wuya, a bar ta sako-sako yadda yatsa biyu za su shiga. In ya saba da ita, sa'an nan a maƙala igiya, a riƙa zagawa da shi cikin gida, yana gefen hagu na mai horonsa.

To, da ya soma ja, sai mai horo ya tsaya cik, ba tsawa, ba fizga. In kwikwiyon ya waiwayo, igiya ta yi sako-sako, sai a shafa kansa, a ba shi ɗan abin taɓawa, kāna a ci gaba. Kullum haka, har ya gane ja ba ya kai shi ko'ina. Ba a tsawaita darasi, don ƙaramin kare ya kan gaji da wuri. Ba a kuma dūkansa, gama karen da ya tashi da tsoro ya kan razana da kowace ƙara, matsoraci kuwa ba ya jagora.

In ya ƙware a gida, sai a riƙa fita da shi kasuwa da tashar jirgi, ya saba da hayaniya, da ƙanshin abinci, da ganin sauran karnuka, ba tare da ya rabu da gefen mai horonsa ba.

Bayan ya shekara ɗaya da 'yan watanni, sai a kai shi makaranta. A can a ke sa masa wani ɗamara a ƙirji mai mariƙi ƙaƙƙarfa, wanda ta wurinsa makaho ke jin duk inda karen ya karkata. A kan koya masa tsayawa a bakin titi da gindin matakala, da kauce wa reshen da zai bugi kan mutum ko da shi bai kai gare shi ba.

Kare ba ya karanta fitilun ba da hannu. Makaho ne ke kasa kunne ga motoci, ya ce a ƙetare. Amma in karen ya ga mota tafe, sai ya ƙi motsi, kome umurnin da aka ba shi. Wannan shi ne darasi mafi wuya, watau sanin lokacin da ƙin bin umurni ya fi binsa.

Daga ƙarshe makahon ya kan zo makarantar ya yi 'yan makonni, su saba da juna, sa'an nan su tafi gida tare. Kare ɗaya ya kan yi wajen shekara takwas yana kai ubangijinsa wurin aiki, ya komo da shi lafiya.