Ziyara A Kufan Tsohon Birnin Rum

Idan aka ce kufai, abin da yakan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne wurin da jama'a suka tashi suka bari, babu komai sai kuka da tsamiya da tsofaffin rijiyoyi. To, kufan birnin Rum, babban birnin ƙasar Italiya, a tsakiyar gari yake. Motocin safa suna kewaya shi, ma'aikata suna ratsa gefensa da safe za su wurin aiki, kuma mutane kusan miliyan 3 ne ke zaune a birnin. Baƙon da ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Tarmini, tasha biyu kawai zai yi a jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana fitowa sai ya yi arba da ginin da ya shekara fiye da 1,900 a tsaye.

Ya kamata tun farko a bambanta Rum biyu. Rumawan da malamai ke ambata a tafsirin Suratur Rum su ne na daular gabas, masu hedkwata a Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, wadda Sarki Kwanstantin ya mai da ita mazaunin mulki a shekarar 330. Wannan ta Italiya kuwa ita ce uwa. Bisa labarin da Rumawa suka gada, an kafa ta ne a bakin Kogin Tibar shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamanin Sarki Agustus an ƙiyasta mutanen cikinta sun kai miliyan ɗaya, kuma daga baya mulkinta ya kama tun daga Ingila har Masar, haɗe da duk gaɓar tekun Afirka ta Arewa.

KOLOSIYAM

Ginin da baƙo ya fara gani shi ne Kolosiyam, babban filin kallo na Rumawa. Sarki Basfasiyan ne ya sa harsashinsa wajen shekarar 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekarar 80 da wasanni na kwana 100. Tsawonsa mita 189, faɗinsa mita 156, tsayinsa kuma mita 48, yana da ƙofofi 80 a kewaye, kuma yakan ci mutum wajen 50,000. Har yanzu ana ganin lambobin da aka sassaƙa a bisa wasu ƙofofin, domin kowane ɗan kallo ya san ta inda zai shiga. Zama kuwa bisa daraja ne: 'yan majalisa a ƙasa kusa da fage, masu hali a bayansu, talakawa da mata can ƙololuwa. In rana ta take, sojojin ruwa ne ke jan igiyoyi su shimfiɗa rumfar yadi a bisa kan jama'a.

Abin da ake kallo a ciki ba abin alfahari ba ne. Bayi da fursunonin yaƙi ake horarwa su yi faɗa da takobi, wani lokaci har mutuwa, kuma ana sakin zakoki da damisa da giwaye, da yawansu daga Afirka, a kashe su a gaban jama'a. Masanin tarihi Kasiyus Diyo ya rubuta cewa dabbobi 9,000 aka kashe a bikin buɗewa kaɗai. Daɓen katakon fagen ya daɗe da ruɓewa, saboda haka mai ziyara yana hango lunguna da ɗakunan da ke ƙarƙashi, inda ake tsare dabbobi kafin a ɗago su sama da na'urar igiya.

Duk wanda ya kewaya ginin zai lura cewa bangon waje na ɓangaren kudu babu shi, sauran kuma ya cika da ramuka kamar an yi masa ruwan harsashi. Girgizar ƙasa ta shekarar 1349 ce ta kayar da bangon, amma mutanen gari ne suka kwashe duwatsun. Shekaru ɗaruruwa Kolosiyam ya yi yana zaman ma'ajin dutse na kowa da kowa, manyan gari da fadar Fafaroma suna ɗiba suna gina gidaje da coci-coci. Ramukan nan kuwa wuraren ƙarafan da suka ɗaure duwatsun ne, aka haƙe su aka kai maƙera. Ba a daina wannan ɗiba ba sai a shekarar 1749, lokacin da Fafaroma Benedik na 14 ya ayyana wurin a matsayin mai tsarki, bisa imanin cewa an kashe Kiristoci a cikinsa.

DANDALIN FORAM

Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa zuwa Foram, wanda shi ne kasuwa da kotu da majalisa da wurin bauta na tsohon birnin, duk a waje ɗaya. Asalinsa fadama ce a tsakanin tuddai, sai da aka haƙa wani babban lambatu ya janye ruwan zuwa kogi sannan aka samu damar gini, kuma bakin wannan lambatu yana nan a gaɓar Tibar har yau. A cikin dandalin akwai zauren majalisar dattawa da rufinsa, akwai kuma wurin da aka ƙone gawar Yuliyus Kaisar bayan an kashe shi shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, inda har yanzu wasu baƙi kan ajiye furanni.

Bayan faɗuwar daular yamma a shekarar 476, ƙasa da shara suka yi ta taruwa har suka binne dandalin, ciyawa ta fito, makiyaya suka shigo. Sunan da mutanen Rum suka sa wa wurin a wancan zamani ma'anarsa filin shanu. Sai a ƙarni na 19 aka dage da haƙa, aka tono abin da ake gani yanzu.

A ƙarshen dandalin akwai wata babbar ƙofa ta farin dutse mai baka uku, wadda aka gina a shekarar 203 don girmama Sarki Saftimiyus Sebirus. Wannan sarki ɗan Afirka ne. An haife shi a shekarar 145 a birnin Labda, kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus ta ƙasar Libiya, ya hau mulki a 193, ya rasu a birnin Yok na Ingila a 211. A zamaninsa aka girke sojojin Rum a Gadamas, garin da ƙarnoni daga baya fatakensa suka riƙa ratsa Sahara suna zuwa Kano har wasunsu suka zauna.

Akwai wani abu a rubutun saman ƙofar da ya kamata mai ziyara ya ɗaga kai ya duba. Sarkin ya bar 'ya'ya biyu, Karakalla da Geta, su yi mulki tare. Shekara ba ta zagayo ba Karakalla ya sa aka kashe ƙanensa a gaban mahaifiyarsu, sannan ya ba da umarni a goge sunansa daga kowane gini. An kankare layin da ke ɗauke da sunan Geta aka rubuta wani abu a madadinsa, amma ramukan ƙusoshin da suka riƙe haruffan tagulla na farko suna nan, kuma da su ne masana suka karanto sunan da aka so a shafe.

GININ DA BAI FAƊI BA

A cikin duk gine-ginen zamanin, wanda ya fi zama lafiya shi ne Fantiyon, ɗakin bautar da aka kammala wajen shekarar 125 a zamanin Sarki Hadariyan. A gabansa akwai ginshiƙai 16, kowanne dutse guda ne mai tsayin kusan mita 12, yawancinsu daga Masar aka sassaƙo su aka ɗauko ta ruwa. Ƙubbarsa faɗinta ya ɗara mita 43, kuma har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta kai ta girma a duniya. A tsakiyarta akwai kafa buɗe mai faɗin kusan mita 9, ta nan haske ke shiga, ta nan ruwan sama ke zuba ya bi ƙananan ramukan da aka yi a daɓe.

Dabarar maginan ita ce sun haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, suka yi bangon ƙubbar da kauri wajen mita 6 a ƙasa, yana sirancewa yana hawa, kuma can sama suka zuba tsakuwa marar nauyi. Amma ƙarfin gini kaɗai bai isa ya tsirar da shi ba. A shekarar 609 aka mai da shi coci, tun daga nan bai taɓa rasa mai share shi da mai toshe masa yoyo ba, alhali makwabtansa da aka bari ba mai su an sauke su an ƙone duwatsunsu don yin farar ƙasa. Tun watan Yuli na 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga daga baƙi.

RUWA DA ABINCI

Birni mai mutum miliyan ɗaya ba ya rayuwa sai da ruwa. Rumawa sun gina manyan magudanai 11 masu kawo ruwa daga tsaunuka, na farko shekara 312 kafin haihuwar Annabi Isa, wani ma tsawonsa ya kai kilomita 91. Babu inji ko ɗaya, gangare ne kawai ke tura ruwan, galibi ta ƙarƙashin ƙasa, inda kwari ya tare hanya kuma a ɗora shi bisa dogayen bakuna. A shekarar 537 mayaƙan Got da suka yi wa birnin ƙawanya suka datse magudanan. Jama'a suka gangaro daga tuddai suka koma shan ruwan kogi, gari ya yi ta raguwa har yawan mutanensa ya koma ƙasa da 50,000. Ɗaya daga cikin magudanan, wanda Agiriffa ya gina shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, an gyara shi, kuma shi ke ba shahararren maɓuɓɓugar Tirebi ruwa har yanzu.

Abinci kuwa daga ƙetare yake zuwa. Wanda yake so ya ga yadda talaka da baƙo suka rayu sai ya hau jirgin ƙasa na kimanin rabin awa zuwa Ostiya, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum. Ta nan alkamar Masar da ta Afirka ta Arewa ke shigowa, wadda a zamanin Agustus ake raba wa mutum 200,000 kyauta. Da tashar ta mutu, laka da yashi suka rufe garin, shi ya sa aka tono shi da titunansa da gidajen burodinsa da shagunan abincinsa da benayen haya. Duk wanda ya taɓa zaman ɗaki guda a gidan haya a Legas ko Ibadan zai gane waɗannan benaye ba tare da an yi masa bayani ba. A Rum kanta, saboda yawan rushewa da gobara, sai da Agustus ya kafa doka kada bene ya wuce kimanin mita 20.

Bayan gidan wasan kwaikwayo na Ostiya akwai wani fili da ƙananan ofisoshi wajen 60 suka kewaye. Na fatake ne da masu jiragen ruwa, da yawansu baƙi, kowane rukuni da alamarsa a daɓen ƙofa, an jera ta da ƙananan duwatsu baƙi da fari. Mutanen Kartaj ta ƙasar Tunisiya sun rubuta sunan garinsu da hoton jirage, mutanen Sabarata ta Libiya kuma sun zana giwa. Sunayen yawancin masu ofisoshin sun ɓace, amma sunayen garuruwan da suka baro suna nan ana karantawa.

A cikin Rum kuma, a unguwar Tastacho, akwai wani tudu mai tsayin mita 35 wanda ba ƙasa ba ne, tsingaro ne zalla. Tulunan man zaitun ne wajen miliyan 53, akasarinsu daga Sifen, wasu daga Libiya da Tunisiya, da aka riƙa fasawa ana jerawa a tsanake har tsawon shekaru fiye da 200.

HALIN DA AKE CIKI

A shekarar 1980 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar birnin Rum a jerin wuraren tarihi na duniya, amma wannan bai raba kufan da barazana ba. Hayaƙin motoci ya baƙanta bangon Kolosiyam har sai da wani kamfanin takalma na Italiya, Tod's, ya ba da Yuro miliyan 25 aka wanke shi aka gyara, aka gama kashin farko a 2016. A watan Yuni na 2023 aka ɗauki hoton wani baƙo yana sassaƙa sunansa da na budurwarsa da makulli a jikin bangon, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar, kuma a 2024 majalisar Italiya ta ƙara tarar ɓata kayan tarihi har tana iya kai Yuro 60,000.

Ɗan kasuwa ko ɗalibin da hanya ta biyo da shi ta Rum, kwana biyu sun ishe shi ya ga abin da aka lissafa. Gara ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ya isa, domin layi yana da tsawo, kuma tikiti ɗaya ne ke shigar da mutum Kolosiyam da Foram da tudun Falatin inda fadojin sarakuna suke. Ya sa takalmi marar tsini saboda duwatsun hanya, ya kula da aljihunsa a cikin jirgi da safa, ya kuma guji tsakar rana a watannin Yuli da Agusta. Ruwan sha dai ba sai ya saya ba. A kan tituna akwai ƙananan famfunan ƙarfe fiye da 2,000 da ke zuba dare da rana, sai ya riƙe gorarsa ya riƙa cikawa kyauta.