Sifikar bas mai siffar bututu: ina take biyan kuɗinta, ina take cin su a banza?

A manyan kantuna, gidajen abinci da wuraren motsa jiki na Amurka da Turai, baƙin akwatin bas ɗin nan, wato sifikar sauti mai kauri, mai cinye kusurwar ɗaki yana ta ja da baya. Wadda ke karɓar wurinsa wata sifika ce doguwa, zagayayyiya, da ake ratayewa tsakanin fitilu da bututun iyakwandishan, ko a tsayar da ita a lungu ba tare da ta tare hanya ba. Masu sayar da ita sukan jingina darajarta ga siffar kanta, kamar dai bututu yana da wani sirri na haifar da sauti mai kauri wanda akwati ba shi da shi. Ni ban ga haka ba. Bututu ya warware matsalar gini da ta fili da ta nauyi. Matsalar ƙarfin sauti kuwa tana nan inda take, kuma wanda bai raba waɗannan biyu ba kafin ya biya, zai biya sau biyu.

Sauti mai kauri abu ne mai cin wuri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya cikin iska. Tsarkiya mafi kauri ta jitar bas tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, wato 41 Hz a lissafin masu aikin, kuma zango ɗaya na wannan sautin ya haura mita 8. Kafin kunne ya ji shi sosai, dole a tura iska mai yawa gaba da baya. Duk lokacin da aka sauko da rabi, a ce daga 80 Hz zuwa 40 Hz, sai faifan sifika ya motsa iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya inda take. Ga kunnen ɗan Adam kuma da ƙarancin ji a wannan yanki, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Daga nan ne ƙa'idar da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH, ta samo tushe: ƙaramin jiki, sauti mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Zagaye jikin sifika bai soke wannan ƙa'ida ba.

To me bututun yake yi? A nan ake yawan cuɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi sai kamannin waje.

Na farko shi ne bututun da tsawonsa ne ke aiki. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu busa kakaki a ƙofar fada ya san cewa doguwar hanyar iska ce ke ba shi wannan amo mai ratsa ƙirji. A kan irin wannan hikima kamfanin Bose ya ƙera Acoustic Wave Cannon a shekarun 1980: bututu mai tsawon kusan mita 4, da faifai guda mai inci 12 a cikinsa, ana rataye shi a gidajen silima da wuraren rawa. Yana aiki, amma dubi abin da ya biya. Ya sami zurfi ne da tsawo, wato ya bar ƙanƙanta. Hofmann bai sha kaye ba.

Na biyu, wanda ya fi yawa a kasuwa, akwati ne kurum da aka zagaye. Amfaninsa na gaske yana cikin bangonsa. Idan faifai yana bugawa, iskar da ke kulle a ciki tana tura bangon waje. Shimfiɗaɗɗen katako yakan lanƙwasa ya yi rawa, ya ƙara nasa sautin a kan kiɗa, shi ya sa ake yin akwatin bas da katako mai kauri ana tokare shi ta ciki, har ya zama sai ƙarti biyu sun ɗaga. Zagayayyen bango kuwa matsin yana rarrabuwa ne daidai a ko'ina, yana neman buɗa shi maimakon lanƙwasa shi, don haka siririn abu ma ya isa. Masu haɗa sifika a gida a Amurka sun daɗe da gane wannan, suna sayen bututun kwali na Sonotube, wanda magina ke zuba kankare a ciki don yin ginshiƙi, su mayar da shi gidan sifika. Kamfanin Hsu Research a Kalifoniya da SVS a Ohayo, wanda aka kafa a 1998, sun yi suna da irin wannan siffa ga masu silima a gida. Tun kafin su, Southern Audio Services na Baton Rouge ya fito da Bazooka a shekarun 1980, bututun da ke shiga bayan kujerar a-kori-kura inda akwati ba zai shiga ba. Kowannensu abu ɗaya ya nema: ciki mai faɗi, nauyi kaɗan, gindi ƙarami.

Dalilin da ya sa siffar ta tsallaka daga mota da falo zuwa wuraren kasuwanci ya fi alaƙa da masu zanen gini fiye da injiniyoyin sauti. Da, kanti yakan yi silin na fale-falai, a huda shi a cusa ƙananan sifiku. Sai yayin barin sama a buɗe ya zo, ana ganin ƙarafa da wayoyi da bututu, an shafe su da fenti ɗaya. Babu silin da za a huda, dole sifika ta sauko a rataye. Kamfanin SoundTube, wanda a da yake Park City a jihar Yuta, ya gina kasuwancinsa a kan wannan buƙata, JBL ma ya fitar da jerin Control 60 masu ratayuwa, har da ta bas mai faifan inci 8. Ga kuma lissafin haya: duk tafin ƙasar da akwati ya zauna a kai, wurin teburin cin abinci ne ko kantar kaya da aka rasa. Abin da ke sama ba ya shan ruwan mofa, keken kaya ba ya bugunsa, yaro ba ya tsokane faifansa da yatsa.

Kiɗan ma ya sauya. Tun da injin kiɗa na Roland TR-808 ya fito a 1980, ganga mai zurfi ta zama ginshiƙin waƙoƙin zamani, kuma wanda ya saurari amapiyano ko afrobit ta ƙaramar sifikar silin ya san rabin waƙar ba ya isowa. Ƙananan amfilifaya marasa zafi da maganaɗisu mara nauyi sun sauƙaƙa sauran.

Akwai riba ɗaya da nake ganin ta fi duk waɗanda ake tallatawa, ita ce rarrabawa. A fili, ƙara tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Idan aka jibge babban akwati guda a kusurwar gidan abinci, na kusa da shi ba sa jin maganar juna, na can ƙarshe kuma ba su san ana kiɗa ba. A cikin ɗaki abin ya fi haka rikicewa, domin dogayen zangunan nan suna dawowa daga bango su haɗu da juna, wani wurin bas ya yi tsiri, taku biyu gaba ya ɓace. Binciken Todd Welti na kamfanin Harman a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa sifikun bas da yawa a wurare daban-daban suna daidaita wannan hawa da sauka fiye da guda ɗaya. Tun da kunne ba ya iya nuna inda sautin ƙasa da 80 Hz yake fitowa, ƙananan bututu huɗu a sama za su iya cika ɗaki da ɗumi ba tare da kowa ya san daga ina ba. A wurin da ake son kiɗa ya zauna ƙarƙashin hira, wannan ya cancanci kuɗi.

Sai dai ratayewar tana da haraji, kuma ba kasafai takardar talla ke faɗarsa ba. Akwatin da ke zaune a ƙasa yana cin moriyar daɓe: sautin da zai bazu ko'ina sai ya taru a rabin fili, abin da a lissafi kan iya kaiwa ƙarin desibel 6, in an matsa shi jikin bango ko kusurwa ya ƙara samu. Desibel 6 ba wasa ba ne, daidai yake da ninka wutar amfilifaya sau huɗu. Bututun da ke lilo a tsakiyar sarari ya yafe wannan kyauta. Har ma yakan jawo wa kansa asara. Roy Allison ya bayyana a shekarun 1970 cewa idan sifika tana nesa da bango da rubu'in zangon wani sauti, abin da ya dawo yakan kashe abin da ya fita. Bututun da aka sauko da shi mita ɗaya daga dakin, wato rufin kankare, zai sami rami a wajajen 85 Hz, daidai inda bugun ganga yake da nama. Mai girkawa da ya san aikinsa zai ɗaga shi ya kusanci dakin ko ya kai shi jikin bango. Wanda bai sani ba zai jera shi da fitilu don ya yi kyau a ido.

Girman faifai ma ba ya ɓuya. Faifan inci 18 ya fi na inci 8 faɗi kusan sau biyar. Kafin ƙananan su kamo babba guda a tura iska, sai an sayi biyar, kowace da wayarta da ƙugiyarta da igiyar ƙarfe ta biyu da ke riƙe ta in ta farko ta saki, domin abu ne mai nauyi, mai girgiza, a saman kawunan mutane. Yawancin wuraren kasuwanci kuma suna amfani da layin bolt 70 a Amurka, ko bolt 100 a Turai da ƙasashenmu, inda kowace sifika ke da ɗan taransifomarta. Taransifoma mai araha tana ƙoshi da wuri idan sauti ya yi zurfi, sai bas ya dagule, amfilifaya ta ɗau zafi. Shi ya sa sau da yawa ya fi kyau a ja wa sifikun bas layinsu daban da amfilifayarsu, wanda wani kuɗin ne da ba a sa a lissafin farko ba.

Ana kuma yawan cewa kiɗa mai kyau yana ƙara ciniki. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, na Ronald Milliman a 1982, ya gano cewa kiɗa mai tafiya a hankali yana sa masu sayayya su rage sauri a kanti, ciniki ya ƙaru. Saurin kiɗa ya auna, ba zurfinsa ba. Mai kantin magani ko na littattafai da aka ce masa bas zai kawo masa kwastoma, yana da damar ya nemi a nuna masa hujja.

A wajenmu tambayar tana da wata fuska. Zaurukan biki sun yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, kuma mai zaure yakan so kayan da ba za su ɓata kwalliya ba. Amma daren kamu ko dina, inda mai kiɗa ke son ƙasa ta motsa, aikin manyan akwatuna ne a daɓe. Bututun rataye da aka tilasta wa wannan aiki zai ƙone, kafin ya ƙone kuma zai sa silin da kwanon rufi su yi ta karkarwa. Akwatin katako in ya lalace, akwai masu naɗa masa sabuwar waya a kasuwar Sabon Gari ko ta Alaba. Na rataye da aka shigo da shi sai an kafa tsani an sauko da shi, sannan a fara neman kayan gyaran da ba lallai a same su a kusa ba. Wanda jikinsa kwali ne kuwa, damina da gara suna jiransa. Ga wuta: bas ne ya fi kowane ɓangare na kiɗa shan ta, kuma wanda ke kan janareta ko batirin sola zai gani a aljihunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da mizani a 2022 cewa matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi kada ya wuce desibel 100, sai dai maƙwabci ba ya buƙatar ma'auni, domin sauti mai zurfi ne ke ratsa bulo ya same shi a gado bayan siririn ya tsaya a bango.

Inda abin ya fi damuna shi ne masallatai da azuzuwa da ɗakunan lacca. Muryar namiji tana farawa ne daga wajajen 85 Hz zuwa sama, kuma abin da ke sa a gane kalma, wato baƙaƙe irin su sin da ta da kaf, yana can sama tsakanin 2,000 da 4,000 Hz. Sifikar bas ba ta da abin da za ta ƙara a nan sai gunji. A ɗaki mai tayil da dakin, gunjin yakan daɗe yana yawo ya rufe kalmar da ke biye. Kwamitin da ya tara kuɗin jama'a don a ji huɗuba sosai, gara ya sa su a ƙananan sifikun TOA ko Ahuja da yawa a kusa da sahu, da kafet mai kauri, da makirfo mai kyau.

Ga mai gidan abinci ko otal ko wurin motsa jiki da samansa ke buɗe, ƙasansa kuma ke da tsada, bututun yana da gurbi, muddin ya saye shi da ido buɗe. Kada ya kula da dubban wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ya nemi adadin da sifikar ke ɗauka a ci gaba ba tsayawa, wanda ake rubutawa da RMS, ya tambayi a Hz nawa sautinta ke fara faɗuwa, da desibel nawa take kaiwa a nisan mita ɗaya. Sannan ya sa a kawo guda a ɗaga ta a daidai tsayin da za ta zauna, a cikin ɗakinsa, a sa irin waƙoƙin da zai riƙa sawa, ya zaga daga ƙofa zuwa kicin, ya fita ta bayan gini ya saurari abin da ke isa gidan da ke jikinsa.